Ostareliya da Maƙwabtanta a Ma'aunin Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Abin da ɗalibi yakan fita da shi daga makaranta game da Ostareliya bai cika wuce cewa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin nahiyoyin duniya ba, kuma ƙasa ɗaya ce ta mamaye ta, teku ya kewaye ta ta kowace fuska. Wannan takarda tana ganin cewa mazauna fadamar Haɗeja sun fi kowa a Nijeriya dalilin neman sanin wannan ƙasa fiye da haka, domin ita ma ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama wadda ta datse kogunanta, ta ga abin da datsewar ta jawo wa fadamunta, sannan ta shiga neman gyara da doka da kuɗi masu yawa.

Ƙasar da mutanenta

Faɗin Ostareliya ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ya ninka na Nijeriya sau takwas da ɗoriya, amma mutanenta ba su wuce miliyan 27 da 'yan kai ba, kuma mafi yawansu suna zaune ne a biranen gaɓar teku irin su Sidni da Melbon da Birisben da Fat, saboda tsakiyar ƙasar hamada ce da busasshen daji. Tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa lokacin zafinta yake kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ake fama da hunturu a ƙasar Hausa. Jihohi shida ne, waɗanda a da kowace take zaman kanta a ƙarƙashin Ingila, suka haɗu suka kafa tarayya ranar 1 ga Janairun 1901, daga baya aka gina Kanbera ta zama babban birni. Tsarin tarayyar ya bar ikon ruwa a hannun jihohi, kuma daga nan ne rigimar rabon koguna ta samo asali.

Kafin Turawan Ingila su sauka a Sidni a 1788, mutanen ƙasar na asali, waɗanda ake kira Aborijin, sun shafe aƙalla shekara 50,000 a wurin, suna magana da ɗaruruwan harsuna. Turawan sun ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, ba a kuwa rushe wannan da'awa ba sai a 1992, lokacin da babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar da Eddie Mabo na tsibirin Mer ya shigar tare da 'yan'uwansa. A garin Brewarrina har yanzu akwai tarkunan kifi na duwatsu da kakanninsu suka jera a cikin kogi, abin da duk masuncin da ya san aikin datse hanyar kifi lokacin janyewar ruwa zai gane hikimarsa da gani ɗaya.

Akwai kuma dangantaka ta kai tsaye. Itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, da aka dasa jeri-jeri a Kano da Jigawa don tare iska da kwararowar hamada, asalinsa daga Ostareliya ne, kuma irin da ya fi yaɗuwa a nan itacen bakin kogi ne a can, wanda a dajin Barmah da ke gaɓar kogin Murray ba ya hayayyafa sosai sai ambaliya ta shiga ƙarƙashinsa. Haka kuma Tony Rinaudo, masanin noman da ya yi aiki da manoman Maraɗi tun daga farkon shekarun 1980 wajen raya kututturan itatuwa a gonaki, aikin da ake kira sassaben zamani, mutumin Ostareliya ne.

Koguna biyu, cuta ɗaya

Kwarin Murray da Darling, wato duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin waɗannan koguna biyu, ya zarce murabba'in kilomita miliyan ɗaya, ya ɗan fi Nijeriya girma ke nan, kuma shi ne rumbun abincin ƙasar, inda ake noman rani na shinkafa da auduga da inabi da lemo. Jihohi huɗu ne da yankin babban birni suke tarayya a kansa. Tun 1914 uku daga cikin jihohin suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan Murray, aka gama madatsar Hume a 1936, sannan aka yi gagarumin aikin tsaunukan Snowy daga 1949 zuwa 1974, wanda ya karkatar da ruwa daga gabashin tsaunuka zuwa filayen noma na yamma. A shekarar 1974 ɗin ce aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992, kuma kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja.

Illar madatsa ga fadama iri biyu ce, kuma ta biyun ita ce ba a cika lura da ita ba. Ta farko ita ce rage yawan ruwan da ke isa ƙasa: ambaliyar da ke shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa a shekarun ruwa kafin a gina Tiga, ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason a ciki. Ta biyu ita ce juya wa kogi lokutansa. A ɗabi'arsa kogin Haɗeja yakan cika a Agusta da Satumba, ya malala cikin fadama, sannan ya janye har wasu rassansa su ƙafe da rani, kuma a kan wannan zuwa da komawa aka gina rayuwar yankin: shinkafa da damina, su idan ruwa ya fara janyewa, noman wake da kayan lambu a kan laimar da ya bari, kiwo kuma idan ƙasa ta bushe. Da madatsu suka fara riƙe ruwan damina suna sakinsa da rani saboda aikin noman Kadawa da na Auyo da ruwan shan birnin Kano, sai rassan kogin suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama na dindindin, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, gonaki a Guri da Kirikasamma suka nutse shekara da shekaru, wasu rassan kuma suka rasa ruwa, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka a cikin kacalar suna fitowa suna cinye hatsi.

Kogin Murray ya ga irin wannan juyi, domin a da yakan cika ne a ƙarshen sanyi da farkon bazararsu, yanzu kuwa ya fi cika a lokacin zafi, sa'ad da masu noman rani ke buƙatar ruwa. Fadamar Macquarie, wadda ta shahara da tsuntsayen ruwa kamar yadda Baturiya da Dagona suka shahara, ta ragu ƙwarai bayan an gina madatsar Burrendong a 1967. A 1981 bakin Murray ya toshe da yashi, ruwansa ya kasa shiga teku. A 1991 gansakuka mai guba ta rufe kogin Darling tsawon kusan kilomita 1,000. Daga nan aka shiga dogon fari da ya kai har 2009, tsofaffin itatuwan turare suka riƙa mutuwa a tsaye a bakin kogi.

Gyaran da aka yi

A 1995 jihohin suka amince da ƙayyade ɗibar ruwa, wato kada jimillar abin da ake ɗiba ta wuce matsayin da ta kai a lokacin. Da wannan bai wadatar ba, majalisar tarayya ta yi dokar ruwa ta 2007, aka kafa hukuma ɗaya mai duba kwarin baki ɗaya, sannan a 2012 aka zartar da tsarin da ya tanadi a mayar wa kogunan kubik mita biliyan 2.75 a kowace shekara, da ƙarin miliyan 450 bisa wasu sharuɗɗa. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, kimanin duro biyar, kuma adadin farko ya yi kusa da abin da Tiga da Challawa za su riƙe idan aka haɗa su. Gwamnati ta samo ruwan ne ta hanyar sayen lasisin ɗiba daga manoman da suka yarda su sayar, da kuma gyaran hanyoyin ban ruwa don rage asara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an naɗa jami'i na musamman wanda ke riƙe da wannan ruwa da sunan kogi, yana da kasonsa a cikin madatsu kamar kowane manomi, kuma shi ke cewa a saki kaza a wata kaza domin daji kaza ya sha.

Ba a ce tsarin ya warkar da kogunan ba. Manoma sun yi zanga-zanga, har aka ƙona kwafen daftarin a garin Griffith a 2010. An samu masu satar ruwa a arewacin kwarin. Kifaye masu ɗimbin yawa sun mutu a Menindee a ƙarshen 2018 da farkon 2019, suka sake mutuwa a Maris na 2023. Wa'adin cika alƙawarin ma sai da aka ɗaga shi. Mutanen asali kuwa, irin su Barkandji masu kiran Darling da suna Baaka, abin da suke riƙe da shi na lasisin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, domin lokacin da aka raba lasisi ba su da takardar gona. Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata ya fi tsorata mai nazarin Haɗeja, saboda masunci da makiyayi da mai noman bakin ruwa su ma ba su da takardar da ke nuna haƙƙinsu a kan ambaliya, kuma duk ranar da aka mayar da ruwa abin saye da sayarwa, su za a fara mantawa.

Maƙwabta

Ostareliya ba ta da iyakar ƙasa da kowa, amma tana da maƙwabta na kusa: Indonesiya da Timo ta Gabas a arewa maso yamma, Papuwa Niyu Gini a arewa, tsibiran Solomon da Banuwatu da Niyu Kaledoniya a arewa maso gabas, sai Niyu Zilan a kudu maso gabas. Papuwa Niyu Gini, mai harsuna fiye da 800, ta samu 'yanci ne daga Ostareliya a 1975, kuma tsibirin Saibai na Ostareliya bai fi 'yan kilomitoci daga gaɓarta ba, shi ya sa yarjejeniyar mashigin Torres ta 1978 ta bar mazauna wurin su riƙa ƙetarawa don su da zumunci ba tare da fasfo ba, kamar yadda mutanen gaɓar Komadugu Yobe suke yi tsakanin Nijeriya da Nijar. A Papuwa Niyu Gini ce aka ga mafi munin misalin yadda na saman kogi ke cutar da na ƙasa: mahaƙar zinariya da tagulla ta Ok Tedi, wadda ta fara aiki a 1984 a ƙarƙashin kamfanin BHP, ta riƙa zuba tarkacenta cikin kogi, laka ta cike kogin Fly, dazuzzuka da gonakin fadama suka mutu, har masu ƙasar suka kai ƙara kotu a Melbon aka sasanta a 1996. Niyu Zilan kuwa ta bi wata hanya dabam a 2017, inda majalisarta ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban doka, aka naɗa masu magana da yawunsa, ɗaya daga ƙabilar Mawori ta yankin, ɗaya daga gwamnati.

Abin da ya shafi Haɗeja

Nijeriya ba ta rasa hukumomi ko takardu ba. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976, wadda ke kula da madatsun. Akwai shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar kan ruwan da suke tarayya. Akwai asusun amana da jihohin Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato suka kafa a 2006 mai hedikwata a Damaturu. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi a 2008, kuma wurin da aka fara sanyawa a wannan jeri a duk duniya, a 1974, shi ne Cobourg na arewacin Ostareliya. Tun farkon shekarun 1990 binciken Edward Barbier da abokan aikinsa ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfanin noma da kifi da itace fiye da irinsa da aka karkatar zuwa aikin noman rani na kogin Kano. Abin da babu shi ne wani kaso na ruwan Tiga da Challawa da doka ta rubuta da sunan fadama, da kuma wanda za a tuhuma idan ba a sake shi a kan lokaci ba.

A nan ne kuma ya kamata a lura da bambanci. A Ostareliya ana kiran wannan kaso ruwan muhalli, ana kuma kallonsa a matsayin abin da aka karɓe daga hannun manomi aka ba tsuntsu da kifi, domin fadamunsu ba su da yawan jama'a. Fadamar Haɗeja kuwa cike take da garuruwa, saboda haka ruwan da aka saki dominta ruwan manomin shinkafa ne da masunci da Bafulatanin da ke sauka da shanunsa da rani, kuma shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi ta ƙarƙashin ƙasa. Hujjar ware shi ta fi ƙarfi a nan. Sai dai ambaliyar 2020 da ta 2022, da suka cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja, sun nuna cewa sakin ruwa mai yawa cikin hanyoyin da kacala da laka suka toshe ɓarna ce, don haka aikin yana da tsari: a fara da yashe rassan kogin da buɗe su, a kafa ma'aunan ruwa a Wudil da Haɗeja da Likori da Gashuwa waɗanda za a riƙa bayyana alƙalumansu ga jama'a, a rage sakin rani na wasu makonni domin rassan su bushe kacala ta karye, sannan a sanar da ranakun sakin damina tun kafin shuka, da wakilan masunta da makiyaya da manoman Guri da Kirikasamma da Auyo a teburin da ake tsayar da ranakun.