Sauƙin Mai Ciki Da Mai Naƙuda: Abin Riƙewa Da Abin Bari

Jawabin da wani jami'in ƙungiya ya yi wa makiyaya da fataken shanu a unguwar Briketeri, cikin birnin Yawunde.

 

Mun saba in mun taru a nan Briketeri maganarmu ta burtali ce da kuɗin jirgi daga Ngaundere da yadda kasuwar Etudi ta ci. Yau an ɗora mini wata magana dabam, watau yadda za a sama wa mai ciki sauƙi da abin da muke da shi a gida, tun daga laulayi har ta sauka. Na san magana ce mai nauyi a bakin namiji, balle gaban manya. Ina roƙon iyayena su gafarce ni, domin rai ake magana.

Jama'a, saniya wata tara da 'yan kwanaki take yi da ciki, kusan daidai da mace. Duk wanda ke nan ya san yadda ake lallaɓa saniya mai ciki. Ba a kora ta da gudu, ba a kai ta kiwo mai nisa in ta tsufa da ciki, ana ware mata dusa da harawa, in ta soma naƙuda kuwa mai garke ba ya barci. To, ashe ilmin muna da shi. Abin da ya rage shi ne uwar 'ya'yanmu ta sami ko da kwatankwacin wannan kulawa.

Ga dalilin da ya sa maganar ta zama dole. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Kamaru a 2011 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 mata 782 ke rasuwa. Wanda aka yi a 2018 ya nuna adadin ya sauko zuwa 406. An sami ci gaba, alhamdu lillahi, amma har yanzu da yawa, kuma wadda ke ruga nesa da hanya ita ta fi shiga haɗari.

Abin da nake so ku tafi da shi guda ɗaya ne. Duk abin da ke kwantar wa mace da jiki da hankali, kamar hutu da abinci da tausa da ruwan ɗumi da addu'a, a riƙe shi. Duk abin da aka ce zai turo naƙuda, ko ya buɗe hanya, ko ya wanke ciki da ƙarfi, a bar shi. Na farkon yana taimakon jiki ya yi aikinsa, na biyun yana tilasta shi. Sa'an nan dukkansu ba mai maye gurbin awo.

Bari mu soma da laulayi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan muke ji ana kira OMS, ta fitar da shawarwari a kan kula da mai ciki, a ciki har ta ambaci citta a matsayin abin da ke rage tashin zuciya da amai a farkon ciki. Citta kuwa ga ta nan a kowace kasuwa. A jefa ɗan guntu cikin ruwan zafi ta kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a cika ta har ta yi yaji ba. Ta riƙa cin abinci kaɗan sau da yawa, kada ta bar cikinta wayam. Amma in amai ya kai ko ruwa ba ya zama, wannan ya wuce aikin citta, sai asibiti.

Ƙwannafi yakan dami mai ciki in ciki ya tsufa. Maganinsa ta rage maiƙo da barkono, kada ta kwanta da ta gama cin abinci, a ɗaga mata matashin kai. Taurin bayan gida kuwa ruwa yake so da ganye: miyar kuka, zogale, yakuwa, kuɓewa, da gwanda nunanna, da kunun tsamiya. Ba a ba mai ciki filasko ko sanga-sanga ko man zurman don wankin ciki, domin abin da ke murɗa hanji da ƙarfi yana iya taɓa mahaifa.

Ciwon baya da ƙugu da ɗaurewar ƙafa da dare, a shafa mata man kaɗanya ko man shanu a murza a hankali, a baya da ƙafafu, ban da danna ciki. In ƙafa ta ɗan kumbura da yamma ta ɗora ta kan turmi ko kujera ta huta. Daga wata bakwai ta riƙa kwanciya ta gefe, ta bar rigingine. 'Yar tafiya a hankali kullum tana da amfani. Amma tallan nono na kilomita goma da ƙwarya a ka, da daka, da jan ruwa daga rafi, waɗannan ba motsa jiki ba ne, wahala ce. A nan ne aikin maigida yake. Ka sa yaro ya ɗebo ruwa, ka kai hatsi inji, ka nemi wadda za ta karɓe ta tallan.

Nono abincinmu ne, kuma yana gina mai ciki. Sai dai a tafasa madara kafin a sha ko a kafa kindirmo. Kun san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari. Tana kama mutum ta ɗanyar madara, ta sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Saboda haka mai ciki kada ta taɓa ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa ko mabiyiyar dabba, kada ta karɓi haihuwar akuya ko tunkiya. Wannan aikin maza ne, su ma su wanke hannu da sabulu.

Akwai abubuwa uku da suka zama jiki a nan birni. Na ɗaya farar ƙasa, wadda ake kira kalaba, da mata ke ci don kwaɗayi ko tashin zuciya. An auna ta an sami dalma a cikinta, tana kuma hana jiki cin amfanin sinadarin ƙarfe, sai jini ya ragu. Yawan sha'awarta ma sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Na biyu shayi mai kauri a kan abinci, shi ma yana tare wannan sinadari, gara ta bari sai an jima da cin abinci, ta sha marar ƙarfi. Na uku maganin dabbobi. Kusan kowane ɗayanmu yana da kwalba da sirinji a jaka. Wallahi kada wanda ya kusanci mai ciki da su, ko da ya ga sunan ya yi kama da na mutane.

Awo kuwa hukumar nan ta ce a je sau 8, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. Can ne za a auna hawan jini da yawan jini, a ga kwanciyar jariri, a yi mata allurar rigakafin sandarewar jarirai, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar jini takan baƙanta bayan gida, wannan ba komai ba ne, kada ta daina. Ta kwana cikin gidan sauro kullum. In tana shan wani jiƙo ko sassaƙe, ta gaya wa ungozoma sunansa, kada ta ɓoye.

Yanzu sai naƙuda. A 2018 hukumar ta sake fitar da shawarwari a kan ranar haihuwa, kuma za ku yi mamaki, yawancinsu abin da kakanninmu mata suka sani ne. Mace ta kasance tare da wadda ta amince da ita, uwa ko 'yar'uwa ko aminiya, tun daga farko har ƙarshe. A murza mata ƙugu, a ɗora mata tsumma mai ɗumi a baya. Ta riƙa jan numfashi a hankali tana saki. Ta tashi ta zagaya in tana iyawa, ta durƙusa ko ta tsuguna yadda jikinta ya fi so. In ba ta da wata matsala, a bar ta ta sha ruwa ko kunu mai ruwa-ruwa, domin naƙuda aiki ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dabino ma yana da gurbinsa. Malamai suna nan, sun fi ni sanin ƙissar Nana Maryam da dabino a lokacin naƙudarta. An kuma yi wani ƙaramin bincike a ƙasar Jodan a 2011, inda mata suka riƙa cin dabino 6 kullum a makonni 4 na ƙarshe, aka ga yawancinsu naƙuda ta zo musu da kanta ba sai an tayar ba. Abinci ne mai ba da ƙarfi, sai dai mai ciwon sukari ta tambayi likita tukuna. Addu'a da ambaton Allah kuwa suna kwantar da zuciya, zuciya in ta kwanta jiki yakan saki. A yi addu'a a gida, a yi a mota, a yi a ƙofar ɗakin haihuwa. Abin da ba a so shi ne a zauna jiran rubutu ya yi aiki alhali jini yana zuba.

Ga abin bari a ranar. Jiƙon da ake cewa yana kawo naƙuda da sauri, ba wanda ya san ƙarfinsa, kofin yau ba ɗaya yake da na gobe ba. Allurar naƙuda da masu tallan magani ke yi a gida ta fi shi haɗari. In mahaifa ta matsa da ƙarfi alhali hanya ba ta buɗe ba, ko jariri ya kwanta a gicciye, tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Haka hawa kan ciki ana dannawa. Haka yankan gishiri, wanda ke jawo zubar jini da yoyon fitsari. Kowane makiyayi ya san abin da ke faruwa in aka ja ɗan maraƙi da ƙarfi kafin lokacinsa.

Sai maganar kunya. Hausawa na cewa kunya, Fulani na cewa semteende da munyal, yarinya mai cikin fari ta shige ɗaki ta ƙi ko tari don kada a ce raguwa ce. Kunya ado ce, amma a wannan rana tana kisa. Iyayena mata, ku gaya wa 'ya'yanku tun da wuri cewa faɗin ciwo ba abin kunya ba ne.

Bayan ta sauka, a ɗora mata jariri a ƙirji, a rufe su, ya kama nono cikin sa'a ta farko. Kada a matse dakashi a zubar. Wa ya taɓa hana ɗan maraƙi dakashin uwarsa ya ga ya yi ƙwari? Haka ɗan mutum. Wankan jariri a bari sai ya kwana ɗaya. Cibiya kuwa ba kashin shanu, ba toka, ba man goge baki, sai abin da ungozomar asibiti ta bayar.

Wankan jego da ruwan ɗumi yana sake jiki, a yi shi. Amma ruwa mai ƙuna safe da yamma har kwana 40, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa, nan ne matsala take. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya kaya. Mu da muke kai shanu lahore na Vina mun san ko dabba ba a barinta ta sha kanwa ba iyaka. A sassauta ruwan, a ba ta kunun gyaɗa, romo, hanta, ƙwai da madara tafasasshiya. Wadda aka ce tana da hawan jini kada ta kusanci kanwa ko kaɗan.

Ga alamun da in an gan su an gama maganar maganin gida: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, faya ta fashe ba naƙuda, jariri ya daina motsi, naƙuda ta wuce sa'a 12, mabiyiya ta ƙi fita har sa'a ɗaya, ko mai jego ta kasa numfashi in ta kwanta. Mu da ke Yawunde ba mu da uzuri. Ga ɗakin haihuwa na Babban Asibiti nan kusa da unguwarmu, ga asibitin mata da yara na Nguso da aka buɗe a 2002.

Alhazai, yawancinmu muna nan birni wata da watanni, iyali suna can Banyo ko Tibati ko Maiganga, kuma sau da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biyo shanu, ka bar izini a bakin mahaifiyarka ko ƙanenka cewa in abu ya taso a tafi, kada a jira wayarka. Ka ware ɗan bijimi ko tumaki biyu da sunan haihuwa. Ka san mai babur ko mai motar da za a kira da dare. In ruga ta yi nisa, musamman da damina, ta koma wajen dangi a gari in wata tara ya kama. A 2015 an soma tsarin Shek Sante a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, inda da sefa 6,000 ake yi wa mace awo da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42. Kuɗin bai kai na akuya ba. Wanda iyalinsa ke can ya sa a tambaya a asibitin da ya fi kusa.

Ina roƙon kowane Ardo da ke nan in ya koma ya tara mutanensa ya isar da wannan magana, iyaye mata kuma su isar da ita cikin ɗakuna inda mu ba mu shiga. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya albarkaci garkunanmu.