Gudawar Yara da Ruwan Gishiri da Sukari

A shirinmu na kiwon lafiya na wannan mako za mu yi magana a kan wata cuta wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba, watau gudawa, ko zawo kamar yadda waɗansu ke ce mata. Ko mutum yana Zangon Kumasi, ko Garwa, ko Injamena, ko Jidda, ko ma birnin Landan, muddin akwai yaro ƙarami a gidansa, wata rana sai an yi fama da ita. Saboda yawanta ne ma muka raina ta, alhali kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A wajejen 1980 an ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da miliyan 4 kowace shekara a duniya. A ƙididdigar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2024 adadin ya sauko zuwa wajen 440,000. Babban abin da ya kawo wannan sauƙi kuwa yana nan a ɗakin girkin kowace uwa.

Da farko dai, me likitoci ke kira gudawa? Ita ce yaro ya yi bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini ɗaya. Jariri mai shan nono kaɗai yakan yi kashi mai laushi sau da yawa, amma wannan ba ciwo ba ne. Ita gudawa ƙwayoyin cuta ke kawo ta, waɗanda ke shiga ciki ta ruwa marar tsabta, da abincin da ƙuda ya sauka a kai, da hannun da ba a wanke ba. Yawancinta takan tsaya da kanta cikin 'yan kwanaki. To, in haka ne, me ke kashe yaran? Ƙarewar ruwan jiki. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin jariri sabon haihuwa ruwa ne, kuma duk fitar da ya yi yana zubar da ruwa da gishirin da jikinsa ke aiki da su. In ba a mayar masa ba, yaron da aka gani yana wasa da safe yana iya galabaita kafin almuru.

A nan ya kamata mu tsaya a kan abubuwa biyu da muka gada. Na ɗaya, in yaro ya kama gudawa yana ɗan wata shida ko bakwai, sai a ce ai haƙori ne, a zuba masa ido. Gaskiyar magana ita ce, lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, kuma shi ne lokacin da ake fara ba shi koko da sauran abinci. Ta nan ƙwayar cuta ke samun hanya. Na biyu shi ne maɗiga. In uwa ta ga maɗigar ɗanta ta faɗa, sai a nemo magani a kwaɓa a shafa masa a ka. Amma faɗawar maɗiga alama ce ta cewa ruwan jikin yaron ya ja baya, kamar yadda rijiya ke yin ƙasa da rani. Maganin da za a shafa a ka ba zai kai inda ɓarnar take ba. In ruwa ya koma jiki, maɗiga za ta ciko da kanta.

Shekaru da yawa likitoci ba su da wata dabara ta mayar da ruwa sai ta jijiya, watau ƙarin ruwa, wanda ke bukatar asibiti da allura da ma'aikaci gwani. Ana nan sai a 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana yadda hanjin mutum ke tsotse gishiri tare da sukari. Misalinsa kamar ƙofar gari ce wadda sarkin ƙofa ba ya barin gishiri ya wuce sai da ɗan rakiya, ɗan rakiyar kuwa shi ne sukari. Da zarar gishiri ya shige, sai ruwa ya bi bayansa. Abin sha'awa, wannan ƙofa tana nan a buɗe ko da gudawa ta yi tsanani. A 1968 likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, suka gwada wannan a kan masu ciwon kwalara a birnin Dakka, suka ga yana aiki.

Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash. Miliyoyin mutane suka yi gudun hijira zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, wanda ke aiki a sansanin Bangaon, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan ganguna, 'yan uwan majinyata suna ɗiba suna ba su da kofi. A inda ake rasa kusan mutum 30 cikin 100, sai mace-macen suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Daga 1978 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan magani ta baza shi ko'ina, sa'an nan daga 1980 zuwa 1990 ma'aikatan ƙungiyar BRAC suka bi gida gida a ƙauyukan Bangaladash, suka koya wa mata fiye da miliyan 12 yadda ake haɗa shi. Likita Mahalanabis ya rasu a 2022.

To, yaya ake aiki da shi? Abin da ya fi kyau shi ne a ajiye ƙunshin garin da ake sayarwa a kantin magani, wanda ake kira ORS a ƙasashe masu Turanci, SRO a masu Faransanci. A duba rubutun da ke jikinsa, domin yawan ruwan da ake zuba masa yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. In babu shi, sai a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari cokalin shayi shida, da gishiri rabin cokalin shayi, kowanne a shafe ba a tsire ba, a dama har ya narke. A ɗanɗana kafin a ba yaro: kada gishirinsa ya fi na hawaye, don yawan gishiri haɗari ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowace fita, wanda ya haura haka rabin kofi zuwa cikakke. A riƙa ba shi da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma, sa'an nan a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a dama sabo.

Tun 2004 kuma likitoci suka ƙara da ƙwayar zinki, wadda ke rage tsawon ciwon, kuma tana kare yaro daga sake kamuwa har wata biyu ko uku. Ana ba da miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Har wa yau, kada a janye nono, kada a hana abinci wai don ciki ya huta. Yaron da aka bari da yunwa shi ne ke ramewa, ramammen yaro kuwa shi gudawa ta fi kayarwa. Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan ruwa, domin sukarinsa ya yi yawa, yana iya ƙara gudawar. Haka nan ƙwayoyin tsayar da zawo na manya ba na yara ba ne, kuma kafso da ake saye a bakin titi ba ya kashe irin ƙwayar da ta fi kawo gudawar jarirai.

Akwai kuma lokacin da dabarar gida ba ta isa ba. In an ga jini a bayan gidan yaro, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko idanunsa sun zurma, ko jikinsa ya saki yana ta barci ba ya farkawa sosai, ko an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko zazzaɓi ya haɗu da gudawar, ko an kwana uku babu sauƙi, to, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. A tafi da ruwan a gora, ana ba shi a hanya.

Rigakafi dai ya fi magani. A ba jariri nono zalla har wata shida, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi da kuma kafin a taɓa abinci, a tafasa ruwan sha in ba a amince da shi ba. Akwai kuma rigakafin ƙwayar rota da ake ɗiga wa jarirai a baki. Sudan ta fara ba da shi a 2011, Gana a 2012, Nijar da Kamaru a 2014, Nijeriya a 2022.

Kira na ƙarshe ga magidanta ne. Sau da yawa uwa ta ga alama, amma tana jiran maigida ya dawo ya ba da izini ko kuɗin mota. Ku ba da wannan izini tun yau, ku ajiye ƙunshin garin nan da ƙwayar zinki a gida, ku kuma tabbatar kaka da mai reno sun iya dama shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.