Zaɓen Kamfanin Da Zai Zuba Takardun Ofis Cikin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar fayiloli na wata ma'aikata ya san halin da takardu suke ciki: gara na ci ta ƙasa, yoyon damina na jiƙawa ta sama. Saboda haka idan aka kawo shawarar a ɗauko kamfani ya ɗauki hotunansu da na'ura ya zuba cikin kwamfuta, ba a samun mai musu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓen kamfanin, domin bisa al'ada kwamitin ba da kwangila kuɗin kowane shafi yakan duba, ya miƙa aikin ga mai araha, ba tare da ya tambaya ko hoton zai zama daidai da asalinsa ba.

Wannan tambaya kuwa ba ta wasa ba ce. A shekarar 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa waɗansu na'urorin kamfanin Xerox suna sauya alƙaluma a cikin takardun da suka ɗauka, 6 ta koma 8, ga shafi tsaf ba alamar gyara. Dalili shi ne dabarar matse hoto don ya rage cin wuri: na'urar takan ga alƙaluma biyu sun yi kama, sai ta ajiye ɗaya ta maimaita shi a gurbin ɗayan. Kamfanin ya amsa kuskuren, ya fitar da gyara. To, a ƙaddara takardar shekarar haihuwar ma'aikaci ce mai jiran fansho, ko lambar filin wani marayan. Lalle ne tun kafin a sa hannu a ba kowane mai neman aikin tsofaffin fayiloli kaɗan, har da masu dusasshen rubutu, akawun da ya san su ya zauna ya gwada hoto da asali layi-layi. A kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa babban kwafi zai zo a tsarin TIFF wanda ba a matse ba, ɗigo 300 a kowane inci ko fiye.

Sai maganar daɗewa. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan Birtaniya a kan faifai na musamman, don tunawa da cikar littafin ƙidaya na Domesday shekara 900. Kafin shekara ashirin na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali littafin 1086 yana nan ana karanta shi. Kamfanin da ya ce hotunan ba za su buɗu ba sai da manhajarsa, ko sai a rumbunsa, ya riƙe wa ma'aikata wuya ke nan, ko da kyauta ya yi aikin.

Takardun ajami da wasiƙun sarakuna irin na Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna sha'aninsu dabam ne. Na'urar da ke zuƙar takarda da kanta yaga su za ta yi. Kyamara ake kafawa daga sama, a juya shafi da hannu. Kwamfuta kuma ba abin dogaro ba ce wajen karanta irin wannan rubutun hannu, don haka fihirisa, watau suna da kwanan wata da lambar fayil, mutum ne zai zauna ya rubuta, kuma a nan mai araha yakan tsuke hannu.

Bayan an karɓi aiki, takardun asali su koma ma'ajiyarsu bisa jerinsu na da, a ƙirga su a gaban jami'in da ya fitar da su.