Baƙon Malamin Turanci a Ƙasar Rima



Abin da nake so mu duba a yau shi ne halin mutumin da ya bar ƙasarsu ya zo wata ƙasa, aikinsa na farko kuwa shi ne koyar da Turanci. Na zaɓi Wurno da Rabah da Goronyo don in kafa misali da su, saboda a garuruwa irin waɗannan ne baƙon malami yake gane iyakar abin da takardar shaidarsa za ta iya yi masa. Ra'ayina shi ne, irin wannan malami ba zai ci nasara ba sai ya yarda ya zama almajirin garin tukuna. Mu kuwa da muke karɓarsa, wajibi ne mu ba shi hanyar yin haka.

Bari mu fara da tarihi. Tun daga 1958 ƙungiyar VSO ta Ingila ta soma aika matasa ƙasashen waje. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma a wannan shekara rukunin farko ya iso Nijeriya. Yawancinsu samari ne da 'yan mata da suka gama jami'a, ba su taɓa riƙe alli ba. A watan Oktoba na shekarar, wata budurwa daga cikinsu ta rubuta kati tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani a Ibadan. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'ar garin, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar tun ba ta fara aikin da ya kawo ta ba. Daga baya, da aka soma shirin ilmin firamare na bai ɗaya a 1976, makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, aka ɗauko wasu daga Gana da Indiya da Pakistan. Haka kuma, tun 1973 ake turo masu bautar ƙasa daga Kudu. Su ba daga ƙetare suka zo ba, amma ranar da ɗan Kalaba ya sauka daga mota a Goronyo, baƙuntarsa ba ta kasa ta Ba'indiye ba.

Kuskuren farko da baƙo kan yi shi ne ya ɗauka ya zo wurin da ilmi bai taɓa zuwa ba. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya sadu da shi a Sakkwato a 1824, Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin addinin Kirista, har Baturen ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Yaron da ke zaune a ƙasa a aji ɗaya, sau da yawa ya riga ya yi shekaru a makarantar allo. Ya san harafi, ya san wasali, ya saba da hadda. Abin da bai saba da shi ba shi ne rubutu daga hagu zuwa dama. Malamin da ya san haka zai ɗora gini a kan harsashin da ya tarar, wanda bai sani ba kuwa zai ɓata wata uku yana zargin yara da daƙiƙanci.

Na biyu shi ne harshe, kuma nan ne fannina. Hausa ba ta bambanta sautin p da na f, don haka kalmomin Turanci pan da fan duk ɗaya ne a kunnen yaro. Daɗin daɗawa, a Sakkwatanci inda Bakano zai ce fari, ɗan Rabah hwari zai ce, watau matsalarsa ba daidai take da ta yaron Kano ba, alhali littafin da aka ba malamin bai san da wannan ba. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru a farkon kalma, shi ya sa muka ce burodi da fulawa da tireda. Muna bambanta kai da ke, Turanci kuwa kalma ɗaya yake da ita. Waɗannan kurakurai suna da ƙa'ida, ana iya sanin su tun kafin yaro ya buɗe baki. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko harshen yankin. To, yaya malamin da bai iya ko gaisuwa ba zai gina a kan abin da aka koyar da Hausa?

Na uku shi ne al'ada. Yaro ya sunkuyar da kai don ladabi, baƙo ya ce rashin gaskiya ne. Uba ya zo makaranta ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, baƙo ya ƙosa. Lokacin dashen albasa ko yankan shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo aji ya ragu, baƙo ya rubuta cewa iyaye ba sa son karatu. Ni kaina na ɗanɗana irin wannan. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje an ba ni wasu ɗalibai in koya musu Hausa. Ranar farko wani ya kira ni da gundarin sunana, ƙafarsa a kan tebur. Na yi kwana uku ina jin haushi, sai wani dattijon malami ya fahimtar da ni cewa a wurinsu wannan ba raini ba ne. Da ban sami mai gaya mini ba, da na tsani yaron da ya zama mafi ƙwazo a ajin.

Akwai misali mai kyau a tarihinmu. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya koyi harshenmu har aka sa masa suna Ɗan Hausa. Sa'an nan a tuna cewa Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah, ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya komo ya koyar da Turanci a Midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Amfanin baƙon malami na ƙwarai ke nan, ya bar ɗan gari wanda zai gaje shi.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan ilmi da ke zaune a nan abu uku. Kada a tura baƙo ƙauye sai an ba shi ko da mako huɗu na koyon Hausar yankin. A haɗa shi da wani tsohon malami ɗan gari wanda zai kai shi gaida hakimi da liman, ya nuna masa kasuwa da rijiya, domin da ɗan gari kan ci gari. A kuma tabbatar masa da masauki da albashinsa a kan kari, don mai jin yunwa ba ya koyarwa.

Ku kuma ɗalibai, maganar ta shafe ku kai tsaye. Tun 1987 Nijeriya take aika ƙwararrunta, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da tsibiran Fasifik. Wani daga cikinku zai tsaya wata rana gaban yaran da ba ya jin harshensu. In ranar ta zo, ya fara da koyon gaisuwarsu, ya tambayi abin da suka riga suka sani, sa'an nan ya ɗauki alli.