Ciwon Kan Tsakar Dare da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci

Jawabi kan kiwon lafiya da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Sabo, Ibadan

  

 Yau zan yi magana ne a kan ciwo biyu da kan haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma duk biyun da dare suke aikinsu. Na farko mai shi ya san da shi sarai, don kuwa shi ke tashe shi daga barci yana ihu. Na biyu kuwa mai shi bai ma san yana da shi ba, sai dai wanda ke kwana kusa da shi ya ba shi labari. Abin da nake so mu tashi da shi daga nan shi ne, duk wanda ke da na farko, to a binciki na biyu a jikinsa.

Bari mu fara da ciwon kan. Likitoci na kiransa kulasta, wato abin da ke zuwa a tare, tuli guda. Ni dai zan kira shi ciwon kai mai zango, don halinsa irin na fatake ne. Yakan zo ya yada zango a kan mutum mako huɗu, shida, har wata uku, kullum sai ya tashi, sa'an nan wata rana ya naɗe kayansa ya tafi. Mutum ya yi wata da watanni, wani ma shekara, lafiya lau, har ya manta. Sai kuma ya dawo, sau da yawa a daidai lokacin da ya zo bara.

Yaya ake gane shi? Ɓari ɗaya na kai yake kamawa, a cikin ido ko bayan ido ko wajen gefen goshi, kuma galibi ɓarin nan ɗaya yake komawa. Masu shi sukan ce kamar an gasa ƙusa a wuta an soka musu a ido. Idon wannan ɓarin ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, fatar idon ta sauko, ƙofar hancin wannan gefen ta toshe ko ta riƙa yoyo, goshi ya yi gumi. Kowane tashi yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 3, kuma yana iya tashi daga sau ɗaya a kwana biyu har zuwa sau takwas a rana ɗaya. Kimanin mutum ɗaya cikin dubu ke da shi, ya fi kama maza, yakan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma da yawa daga masu shi mashaya taba ne.

Kada mu haɗa shi da ciwon ɓarin kai da muka sani, wanda ya fi damun mata. Mai ciwon ɓarin kai ɗaki mai duhu yake nema, ya kwanta shiru, ba ya son motsi ko hayaniya, ga tashin zuciya, kuma ciwon kan kai awa 4 har kwana 3. Mai ciwon zango kuwa ba ya iya kwanciya sam. Za ka gan shi yana kai da kawowa a tsakar gida, ya dafe ido, wani har ya riƙa buga kansa da bango. Likitoci sun sa shi cikin mafi zafin ciwon da ɗan Adam ke ji, har wasu masu shi kan yi tunanin kashe kansu. Don haka idan ɗan uwanka na cikin wannan hali, kada ka ce masa raki ne.

Wani abin mamaki game da shi shi ne kiyaye lokaci. Mutum ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya, ƙarfe ɗaya ya tashe shi. Gobe ma ƙarfe ɗaya. Jibi ma haka. To, kun san mu, da an ga ciwo na zuwa tsakar dare a lokaci guda, sai a ce jifa ne, ko iska ce, ko abokin kasuwa ne ya yi sammu. Jama'a, akwai bayani. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, ana ce masa haifotalamas. Shi ne agogon jiki, shi ke tsara lokacin barci da farkawa. A shekarar 1998 wasu likitoci a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo a daidai lokacin da ya tashi, suka ga wannan wurin ne ke aiki fiye da kima. Ke nan agogon da ke tashin ciwon yana cikin kan mai ciwon.

Yanzu mu koma kan na biyu. Kowa a nan ya san minshari. Mu kan mai da shi abin dariya, mu ce wane in ya kwanta sai ka ce tirela ke hawan tudu. Amma akwai minshari, akwai kuma minshari. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe da ganɗa sukan saki. A wurin wasu sukan saki har su rufe hanyar iska ɗungum. Sai ka ji mai minshari ya yi tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, daƙiƙa goma, ashirin, talatin, sa'an nan ya yi wani gurnani kamar an shaƙe shi, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma minsharinsa. Wannan shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci. Ba dannau ba ne, shi dannau mutum na farke ne ya kasa motsi. Wannan kuwa mai shi bai san ana yi ba.

Likitoci na ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ku duba fa, sau talatin a awa, dare ɗaya ya kai sau ɗari biyu ko fiye. Kowane karo iskar oksijin na raguwa a jini, zuciya ta firgita, ƙwaƙwalwa ta farka kaɗan. Shi ya sa mai shi zai kwana awa takwas cur a gado, amma ya tashi a gajiye, baki a bushe, rana ta yi yana gyangyaɗi a rumfa. A kan lokaci kuma yana jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 ne a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, ke da shi. Ya fi kama maza, da masu teɓa, da masu kaurin wuya. Alhazai, ku tambayi telanku: in wuyan rigarku ya kai inci 17, kuna cikin waɗanda ya kamata su kula.

To, ina haɗin waɗannan biyun? Tun 1984 wani likita a Amurka, Lee Kudrow, ya sa ido a kan barcin mutum goma masu ciwon zango, ya tarar shida na da ɗaukewar numfashi. A shekarar 2000, a Jami'ar Michigan, aka gwada mutum 25, aka sami 20 na da shi. A Barazil ma, a 2005, an tarar ya fi yawa ƙwarai a cikinsu fiye da sauran mutane. Dalilan da masana ke kawowa uku ne. Ɗaya, raguwar oksijin a jini cikin dare na iya zama abin da ke tsokano ciwon a lokacin da ya yada zango. Hujjarsu ita ce, shaƙar oksijin na kashe shi. Biyu, wannan agogo na ƙwaƙwalwa da na ambata yana da hannu a barci da kuma ciwon, wataƙila matsala ɗaya ce ke fitowa ta ƙofa biyu. Uku, irin mutanen da ciwon biyu ke kamawa ɗaya ne: maza, masu matsakaicin shekaru, masu shan taba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa muku ɗaya ɓangaren. A 2015 likitoci a Denmak suka kwatanta masu ciwon da masu lafiya, suka ga yawan ɗaukewar numfashi kusan daidai yake a tsakaninsu. Haka nan akwai marasa lafiyar da aka yi wa maganin numfashi ciwon kansu ya lafa, akwai kuma waɗanda bai lafa ba. Kun san mutum biyu na iya shiga mota ɗaya daga Kano zuwa Badun ba tare da ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin mota ba. Saboda haka ba na ce muku minshari ke haifar da wannan ciwon kai ba. Abin da na ce shi ne, ana yawan samunsu tare, kuma na biyun yana da magani, yana kuma kisa a hankali in an bar shi. Wanda aka gyara wa numfashi ya ci riba ko da ciwon kan bai tafi ba.

A lura kuma, ɗaukewar numfashi na da nasa ciwon kan dabam: da safe ake tashi da shi, ɓari biyu, kamar an ɗaure kai da rawani mai tsauri, ya sake kafin hantsi. Wannan ba shi ne mai zango ba.

Me za a yi? Na farko, shaida. Nan ne nake roƙon iyayenmu mata. Hajiya, ke ce ke jin numfashin Alhaji, shi ba ya ji. Na san akwai kunya, amma lafiya ce. Ki faɗa masa, ko ki ɗauki sautin a waya ya ji da kunnensa. Samarin da ke kwana ɗaki ɗaya a gidan maigida, ko a kara, ko a tasha, ku ma haka. Shi kuma mai ciwon ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, wane ɓari.

Na biyu, a je asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai su a asibitin koyarwa na UCH a nan Ibadan, da na LUTH a Idi-Araba ga mutanenmu na Ikko. A faɗa wa likita maganar ciwon kan da ta minsharin gaba ɗaya. Wanda bai iya Turanci ko Yarbanci sosai ba, ya tafi da mai yi masa tafinta, kada rabin bayani ya zube a hanya. Akwai gwajin barci da ake yi, a liƙa wa mutum na'urori dare ɗaya a auna numfashinsa da oksijin ɗinsa.

Na uku, magani. Panadol da ire-irensa ba sa aiki a nan, kafin su narke ciwon ya gama cin mutum. Abin da ke aiki shi ne shaƙar tsantsar oksijin ta abin rufe fuska, lita 12 a minti, na minti 15. A wani gwaji da aka buga a 2009, kashi 78 cikin ɗari na tashin ciwon sun lafa da oksijin, da iska zalla kuwa kashi 20 kawai. Akwai kuma allurar sumatriptan, amma ba a yi wa mai ciwon zuciya ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Don hana shi tashi likita kan ba da verapamil, yana kuma auna bugun zuciya. Duk waɗannan ba na zuwa kemis a saya da ka ba ne. Shi kuma numfashi, akwai na'urar CPAP da wani likita, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1981, tana hura iska a hanci don hanya ta zauna a buɗe. Tana da tsada, tana kuma son wuta, kun san halin da muke ciki. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo: rage teɓa, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, barin taba, da kwanciya a kan lokaci guda kullum.

Ga kuma abubuwan da za a guje wa. Ƙwayar barci irin su Valium, da kodin, da taramol, suna ƙara sakin maƙogwaro da danne numfashi. Mai wannan matsala da ya sha su don ya sami barci, ya ƙara wa kansa haɗari. Giya kuwa, a lokacin zango, kurɓi kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Kada a kai wa wanzami ya yanke beli, ko a yi tsaga a gefen ido, ko a ɗiga wani abu a cikinsa. Kuma ba a kunna taba ko ashana kusa da tukunyar oksijin.

Direbobinmu na tirela da tanka da motocin shanu, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Mutumin da numfashinsa ya tsaya sau ɗari biyu jiya da dare, ko ciwon kai ya hana shi runtsawa, shi ne zai riƙe sitiyari daga nan zuwa Ogbomosho, Ilori, Jebba, har Mokwa. Goro da shayi ba za su biya bashin barcin nan ba. In kana gyangyaɗi a kan hanya alhali ka kwana, ka nemi gwaji kafin lodi na gaba.

Daga ƙarshe, ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya wanda ba a taɓa jin irinsa ba, ko mai haɗe da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko dushewar gani, wannan ba a jiran gari ya waye, asibiti za a nufa nan take.

Ranka ya daɗe, shawarata ga ƙungiya ita ce a ware mutum biyu ko uku da za su riƙa raka marasa lafiyarmu asibiti suna yi musu tafinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.