Daga Allo Zuwa Kwamfuta: Jawabi Ga Iyayen Yara

Iyayenmu da 'yan'uwa, mu a nan Sabon Ibadan mun saba, da zarar yaro ya yi sauka ya gama firamare, sai mu ja shi rumfar goro ko wajen canji. To jama'a, mai son koyon rubuta manhajar kwamfuta daga lissafin firamare yake farawa. Sai ya ci kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Lissafi, Turanci da Fiziks, ya kuma haye JAMB, kafin jami'a ta ɗauke shi ya koyi harsunan kwamfuta irin su Python da Java. Jami'ar Ibadan tun 1948 take garin nan. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki? Don Allah mu bar su su ƙarasa sakandare. Allah Ya yi musu albarka, amin.