Bangon da kwamfuta ta ce zai tsaya

Ranar 20 ga Afrilu, 2004, wani rami mai zurfin kimanin mita 30 da ake haƙawa domin hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Singafo ya rufta, ya haɗiye wani ɓangare na babban titin Nicoll. Mutum 4 suka rasu.

Bangon kankare ne ke tare ƙasar gefen ramin, kuma kafin a gina shi injiniyoyi sun gwada ƙarfinsa a kwamfuta da manhajar Plaxis. Manhajar tana yanyanka ƙasa da bango gida-gida, ta lissafa yadda kowane yanki zai motsa idan aka kwashe ƙasa. Aiki ne mai amfani ƙwarai. Sai dai ƙasar wurin laka ce mai taushi irin ta bakin teku, kuma kwamitin bincike ya gano cewa hanyar da aka bi wajen lissafin ta ba lakar ƙarfin da ba ta da shi. Hakan ya sa aka raina nauyin da bangon zai ɗauka. Ga kuma mahaɗar ƙarafan tokare da aka yi wa ƙira mai rauni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na'urorin awo sun yi ta nuna bangon yana lanƙwasa fiye da hasashe. Aka sake lissafi, aka ɗaga iyakar da aka yarda da ita, haƙa ya ci gaba. Ni dai a ganina, tun ranar da awo ya saɓa wa lissafi ya kamata a tsayar da aikin, a fitar da ma'aikata daga ramin.